Ciwon ƙoda na gado: inda ƙarfin sassaƙe ya tsaya

Akwai ciwon ƙodar da ake gado kamar yadda ake gadon kamanni. 'Yan jakunkuna ne masu ruwa ke tsirowa a cikin ƙodar, su yi ta girma har su danne lafiyayyen nama. Idan uwa ko uba na da shi, yiwuwar kowane ɗa ya gada kashi 50 ce cikin 100. Yawanci sai bayan shekara 30 yake bayyana, da hawan jini, ciwon kwiɓi ko jini a fitsari.

Tsadar wankin ƙoda kan tura ma'aikaci mai jiran albashi wajen masu saiwa da sassaƙe. Sai dai har yau babu tsiron da aka tabbatar yana narkar da jakunkunan. Zoɓo marar sukari kan ɗan sauke hawan jini, amma ba ya maye gurbin maganin likita. Kanwar da ake jefawa a jiƙo kuwa hawan jinin take ƙarawa. Wani tsiron ma guba ne: a Beljiyam, cikin shekarun 1990, mata fiye da 100 suka kamu da ciwon ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba mai ɗauke da tsiron Aristolochia.

Abin da ke jinkirta lalacewar ƙodar shi ne tsare hawan jini da rage gishiri. Mai shan jiƙo ya kai wa likita kwalbar ya gani, 'yan uwansa na jini kuma su je a ɗauki hoton ƙodarsu tun da wuri.