Me ya sa gishiri yake ƙara wa ƙanƙara sanyi?

Duk wanda ya yanka kaji ko ya kwashe tarwada sannan aka ɗauke wuta, ƙanƙara ce rufin asirinsa. Wasu na barbaɗa mata gishiri don sanyin ya ƙaru. Dabarar gaskiya ce, amma tana da wurinta.

Ƙanƙara zalla a digiri 0 take narkewa, kuma muddin tana narkewa, a nan sanyinta zai tsaya. Shi kuwa ruwan gishiri ba ya daskarewa a 0. Da zarar gishirin ya narke a ɗan ruwan da ke jikin ƙanƙarar, sai ya tilasta mata ta ci gaba da narkewa da sauri. To ita narkewa zafi take ci, kuma ba kaɗan ba: giram ɗaya na ƙanƙara yana shanye kusan kalori 80 kafin ya zama ruwa, wato zafin da zai ɗaga wannan ruwan daga 0 zuwa digiri 80. Daga ina za ta samo shi? Daga jikinta, da ruwan, da naman da ke cikin kular. Shi ya sa ma'auni yake sauka ƙasa da sifili. Gishiri kilo 1 a kan dakakkiyar ƙanƙara kilo 3 zai iya kai ka kusa da digiri 21 ƙasa da sifili. Nan ne iyaka, ƙarin gishiri asarar kuɗi ce kawai.

Sai dai fa gishirin bai ƙirƙiro sanyi ba, gaggauta shi ya yi, don haka ƙanƙararka za ta ƙare da wuri. A ganina amfaninsa shi ne sanyaya kajin da aka yanka yanzu cikin hanzari. Ka ɗaure su a leda don kada gishiri ya shiga naman, kuma kar ka tsoma hannu ka daɗe, yana ƙuna kamar wuta. Kifin da za ka kai kasuwa gobe da safe kuwa ƙanƙara zalla ta ishe shi, domin idan ya daskare a hankali tsokarsa kan yi laushi.

Allurar rigakafin kaji kam, kada ka kusantar da ita. Tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye ta, kuma irin mai haɗin mai ɗin nan idan ta daskare ta lalace, ko da kwalbar ba ta nuna komai ba.