Me Ɗanka Ya Koyo Yau A Aji Ɗaya?

Duk wanda ya bi ta unguwar Sabo a Badun, ko Agege a Ikko, da sanyin safiya, zai ga 'yan yara cikin kayan makaranta suna ta sauri kada a rufe ƙofa. Amma da wuya a sami uban da zai iya faɗin abin da ɗansa yake yi daga wannan lokaci har a tashi.

To, ga yadda ranar take. Da an buga ƙararrawa sai a yi layi a fili, a duba farce da haƙora, a rera taken ƙasa, kana a shiga aji malama ta kira suna. Daga nan sai lissafi, inda ake ƙirga da tsakuwa ko marafan kwalba, sai karatun baƙaƙe da wasula a jikin allo, sai rubutu. Bayan hutun cin abinci akan yi zane, ko waƙa, ko tatsuniya.

Sai dai ɗan Bahaushe a Kudu yana ɗauke da wani nauyi da iyaye ba su cika lura da shi ba. Shekara guda bayan Janar Obasanjo ya buɗe shirin ilmin firamare kyauta a 1976, gwamnati ta fito da manufar ilmi ta 1977, wadda ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen mutanen wurin. A Badun kuwa harshen wurin Yarabanci ne. Wato yaro ɗan shekara shida ya bar Hausa a gida, ya tarar da Yarabanci a bakin malama da Turanci a littafi, da yamma kuma ga makarantar allo. Idan ya yi shiru a aji sai a ce daƙiƙi ne, alhali kuwa maganar ce bai ji ba. Daga nan ne fashi kan soma, har a ɗora masa talla.

Maganin wannan ba ya bukatar uba ya yi boko. Kowace yamma ka ce yaro ya buɗe littafinsa na rubutu. Ko ba ka iya karantawa, za ka gane shafin da malama ta bi da jan biro da wanda ba a taɓa ba. Ka sa shi ya ƙirga maka goro, ya kuma faɗa maka da Hausa abin da aka koya masa. In ya kasa, kada ka dake shi. Je ka ga malama, da tafinta in ta kama, ka shaida mata harshen da ake yi a gidanku.

Zango uku ne a shekara. Uban da ya jira sai an kawo masa takardar sakamako ya makara. Haka nan kada a bar taron iyaye da malamai ga maƙwabta. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.