Ɗaga nauyi: gwargwadon da ya ishi ɗan koyo

A wannan taƙaitaccen bayani za mu duba tambaya guda: aiki nawa ɗan koyo yake bukata kafin ɗaga nauyi ya amfane shi? Tambayar tana da muhimmanci, domin wanda ya ɗauka cewa sai an yi kullum, ko dai ya ji rauni, ko ya gaji ya watsar.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligai su ƙarfafa dukan manyan tsokokin jiki aƙalla kwana 2 a mako. Tun 2009 Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta fayyace rabon ɗan koyo: kwana 2 zuwa 3 a mako, kowane motsi zagaye 1 zuwa 3, kowane zagaye ɗagawa 8 zuwa 12. Nauyin da ya dace shi ne wanda ɗagawar ƙarshe take ba da wuya ba tare da tsayuwar jiki ta lalace ba.

Me ya sa kaɗan yake isa? A makonnin farko, yawancin ƙarfin da ake samu daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yake fitowa, saboda suna koyon sa tsoka aiki. Kaurin tsoka sai daga baya. Kazalika tsokar da ta wahala tana bukatar hutun kusan awa 48.

Saboda haka muna ganin abin da ɗan koyo zai fi kula da shi ba yawan aiki ba ne, ɗorewa ce: zama 2 a mako, ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan idan ɗagawa 12 ta yi sauƙi.