Notin da tsatsa ta ci: haƙuri ke kwance shi, ba ƙarfi ba

Ƴan'uwa manoma da direbobin Tamaske da kewaye, a wannan fitowa za mu yi magana a kan ƙaramin ƙarfe mai tsaida babbar mota, wato noti, wanda wasu ke ce ma bulon.

Aikin raya karkara na Keita, wanda aka soma a 1984 da taimakon Italiya da hukumar FAO, ya buɗe hanyoyi tsakanin ƙauyukan Adar. Amma duwatsu da koramu suna nan, shi ya sa tsohuwar kat-kat take da daraja gare mu. Ita ke fitar da albasa daga fadama, ita ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. In notin taya ya karye a daji, albasa ta ruɓe, wani lokaci har rai ya salwanta.

Me ke kawo tsatsa?

Ruwa da iska ne ke cin ƙarfe. Lakar damina takan maƙale ƙarƙashin mota, ta riƙe danshi kwana da kwanaki. Takin zamani ma, ure ko 15-15-15, in ya zube a bayan mota ya jiƙa, yana cin ƙarfe kamar gishiri. Tsatsa kuwa kumbura take yi, ta cika tsakanin haƙoran noti har ya kafe.

Ku fara duba kile

Kile, ko sifana, dole ya zama daidai da kan notin. Awon Toyota na milimita ne: 10, 12, 14, 17, 19. Tsofaffin Land Rover na Ingila, irin waɗanda aka ƙera daga 1948 zuwa 1985, yawancin notinsu awon inci ne. Kilen da ya yi sako-sako yana cinye kusurwoyi, kan noti ya koma kamar ƙwallo. Kile mai zobe ya fi mai buɗaɗɗen baki kamawa.

Yadda ake kwancewa

1. Ku kankare laka da tsatsa da burushin waya.
2. Ku zuba gazuwal ko kananzir, ku bar shi ya kwana. In da hali a maimaita kwana 2 ko 3.
3. Ku ƙwanƙwasa kan notin da guduma a hankali, don tsatsar ciki ta farfashe.
4. Ku ɗan ƙara ɗaure shi tukuna, sannan ku kwance. In ya motsa ya sake cijewa, ku koma baya, ku ƙara mai, ku yi ta kai da kawowa.
5. In ya ƙi, sai wuta. Zafi yana buɗa notin waje, ya saki na ciki. Amma a goge man da aka zuba, kuma kada wuta ta kusanci tankin mai, ko tiyon birki, ko roba.

Kada ku sa dogon bututu a kile, ƙato ya hau ya taka. Nan ne noti ke karyewa, aikin sa'a ɗaya ya zama na mako. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

In ya riga ya karye fa?

In guntun ya leƙo waje, mai walda zai ɗora wani noti a kansa ya liƙe su. Zafin waldar da kansa yana taimakawa, in ya huce sai a juya. A cire wayar batir kafin a soma. In kuwa ya karye can ciki, sai an huda shi daidai tsakiya, a fara da siririn bakin huda, a bi da mai kauri. Wannan aikin gwani ne. In hudar ta karkace, haƙoran ramin sun lalace, kuma kuɗin gyara ya ninka. Gara a kai ƙarfen gareji a Tahoua ko Madaoua.

Wajen sayen sabo

Ku dubi lambar da ke bisa kansa: 8.8 ko 10.9. Ta biyu ta fi ƙarfi. Ku sayi mai lamba irin ta wanda ya karye. Notin ƙofa ko na gado marar lamba ba ya riƙe sifirin, ba ya riƙe sitiyari. Wanda aka gasa har ya yi ja, a jefar da shi, ƙarfinsa ya tafi. Kuma kada a ɗauki kaya da fasinja alhali taya ta rasa noti ko da ɗaya, don sauran ne ke ɗaukar nauyinsa har su ma su bi shi.

Rigakafi

Bayan kowace tafiya cikin laka, a wanke ƙarƙashin mota. Bayan dakon taki, a share a wanke. Kafin ruwan farko, a shafa giris a notin shasi da na sifirin. Na taya kam a goge shi kawai, a ɗaure shi a bushe, a sake duba shi bayan kilomita 50.

Wannan shawara ta shafi amalanke da injin ban ruwa da garmar shanu. Wanda ya karanta, ya karanta ma maƙwabcinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.