"Idioteque": Yadda Radiohead Ta Gina Waƙar Rok Ba Tare da Jita Ba

A ranar 2 ga Oktoba 2000 ƙungiyar mawaƙan Radiohead ta ƙasar Ingila ta fitar da kundin waƙoƙinta na huɗu mai suna Kid A, kuma waƙa ta takwas a cikinsa, wato "Idioteque", ita ce ta fi bayyana irin nisan da ƙungiyar ta yi da salon da aka santa da shi. Kiɗan rok, kamar yadda ya kafu a Amurka da Biritaniya tun shekarun 1950, ya dogara ne ga jitar lantarki da jitar bes mai kaurin amo da jerin ganguna da muryar mawaƙi, kuma Radiohead, wadda samari biyar suka kafa a garin Abingdon kusa da Oxford a 1985, ta yi suna ne da makaɗan jita har uku, musamman bayan kundinta na 1997 mai suna OK Computer. A cikin "Idioteque" kuwa kunne ba ya jin jita ko kaɗan, sai bugun na'ura mai tsauri, da wani sanyayyen amo mai kai da komowa, da muryar mawaƙin ƙungiyar, Thom Yorke, a samansu.

Dalilin wannan sauyi sananne ne. Doguwar ziyarar wasanni da ta biyo bayan OK Computer ta gajiyar da Yorke har rubuta waƙa ya gagare shi, ya kuma ƙosa da amon jita, sai ya karkata ga sauraron mawaƙan kamfanin Warp, irin su Aphex Twin da Autechre, waɗanda ke ƙera kiɗansu da na'ura zalla, suna fifita kari da launin sauti a kan baiti da amshi. Ƙungiyar ta kuma yi koyi da tsarin aikin ƙungiyar Can ta Jamus da kundin Remain in Light na ƙungiyar Talking Heads na 1980, wanda shi ma ya sha daga kiɗan Fela Kuti na Legas, ta yadda za a iya cewa akwai ɗan zaren Afirka ta Yamma a can ƙasan wannan saƙa, ko da yake ba a jinsa kai tsaye.

Yadda aka haɗa waƙar ya fi komai muhimmanci wajen fahimtarta. Jonny Greenwood, babban makaɗin jitar ƙungiyar, ya soma ne da haɗa bugun ganga ta hanyar sintesaiza, wato na'urar da ke ƙirƙirar sauti daga igiyar lantarki, irin wadda ake jona sassanta da wayoyi domin kowane sashe ya tace amon ko ya lanƙwasa shi. Da ya ga bugun ya yi tsari fiye da kima, sai ya riƙa cusa masa wasu sautuka da tsakure daga tsofaffin faya-fayai, har ya naɗi abin da ya kai minti 50, ya miƙa wa Yorke. Shi kuwa Yorke ya saurari naɗin, ya tsame wani yanki na kimanin daƙiƙa 40, ya gina waƙar a kansa. Ke nan aikin mawaƙi a nan ya koma zaɓe da yanka da jerawa, maimakon mutum biyar su tsaya a ɗaki guda suna kaɗawa tare, kuma furodusansu Nigel Godrich ya mayar da shi kansa situdiyon tamkar ɗaya daga cikin kayan kiɗan.

Zuciyar waƙar ita ce haɗe-haɗen amo guda huɗu da ke maimaituwa a kusan duk tsawonta. Haɗin amo kuwa shi ne sautuka da dama da ake saki lokaci guda su ba da yanayi ɗaya. Waɗannan huɗun ba Radiohead ta ƙirƙire su ba. An tsakuro su ne daga "Mild und Leise", wani kiɗa mai tsawon kusan minti 18 da Paul Lansky ya tsara a 1973 a Jami'ar Princeton ta Amurka, da wata ƙatuwar kwamfuta ƙirar IBM 360/91, a zamanin da kwamfuta ɗaya ke cin ɗaki guda. Lansky kuma ya ɗora nasa aikin ne a kan shahararren haɗin amon da Richard Wagner ya buɗe wasan waƙarsa Tristan und Isolde da shi, wanda aka fara nunawa a birnin Munich a 1865. Greenwood ya tsinci kiɗan a wani faifan 1976 mai suna Electronic Music Winners, inda ya ɗebo wani ɗan tsakuren daga aikin Arthur Kreiger, kuma da farko ya ma manta inda amon ya fito har ya zaci shi ya kaɗa shi, kafin daga baya ya gano, ya nemi izini, Lansky ya amince. Daƙiƙu kaɗan na aikin jami'a, wanda masana ƙalilan ne suka taɓa saurara, sun zama ginshiƙin waƙar da dubban mutane ke rausayawa a kanta a filayen wasa.

Kalmomin waƙar ba labari suke bayarwa ba, domin a lokacin Yorke yakan yayyanka jimloli ya zuba a hula ya riƙa zarowa, abin da ya samar da gutsattsarin maganganu na fargabar wani bala'i da ke tafe, wanda masu sauraro da yawa suka fassara da sauyin yanayin duniya. Muryarsa tana hawa sama cikin firgici yayin da bugun na'urar bai sassauta ba, kuma wannan karo tsakanin mutum mai ruɗewa da inji marar tausayi shi ya hana waƙar zama kiɗan rawa kawai.

Kid A ya fito ba tare da an ware wata waƙa domin gidajen rediyo ba, an kuma riga an baza shi a Napster, dandalin musayar waƙoƙi ta intanet, kafin ranar fitarsa, amma duk da haka ya hau matsayi na ɗaya a Biritaniya da Amurka, ya kuma ci lambar Grammy a 2001. Masu sharhi sun rabu a kansa da farko, marubuci Nick Hornby na cikin waɗanda suka kushe shi, sai ga shi a ƙarshen shekarun 2000 mujallun kiɗa na Rolling Stone da Pitchfork sun ayyana shi kundin da ya fi kowane a cikin waɗannan shekaru goma. Sai dai akan wuce gona da iri wajen yabon sabuntar "Idioteque", domin ƙungiyar Kraftwerk da mawaƙan Warp sun riga ta nisa a fagen sautin na'ura, kuma wanda ya saba da aikinsu ba zai ji baƙon abu a bugunta ba. Tasirinta na haƙiƙa yana wajen matsayin waɗanda suka yi ta: ƙungiyar rok da ke kan ganiyarta ta ajiye jita ba tare da ta rasa masu sauraro ba, abin da ya sauƙaƙa wa ƙungiyoyin da suka biyo baya su haɗa kwamfuta da kayan kiɗan hannu ba tare da an ce sun bar gida ba. A kan dandamali ma waƙar ta sake kama, inda makaɗin gangar ƙungiyar, Philip Selway, ke shigowa da jerin gangunansa a kan bugun na'urar, kamar yadda aka ji a shirin talabijin na Saturday Night Live a Oktoba 2000 da kuma kundin wasanninsu na kai tsaye I Might Be Wrong na 2001.