Manhajar Becca da matan da suka gama jinyar sankarar mama

A 2017 ƙungiyar agaji ta Breast Cancer Care da ke Birtaniya ta fito da manhajar wayar salula mai suna Becca, domin matan da suka gama jinyar sankarar mama. A 2019 ƙungiyar ta haɗe da Breast Cancer Now.

A matsayina na injiniya, lokacin da suka zaɓa shi ya burge ni. Ana cikin jinya akwai likita, akwai nas. Da an sallami mace, sai gajiya da fargabar dawowar ciwon su addabe ta, dangi kuwa sun ɗauka an gama. Shi ya sa ba su cika ta da dogon bayani ba, sai gajerun shawarwari kan abinci, motsa jiki da komawa aiki, waɗanda mai gajiya za ta iya karantawa.

Matsalarmu ita ce da Turanci aka yi ta. Iyayenmu mata da yawa sai an karanta musu, kuma ba kowace uwa ce za ta yi maganar mama da 'yarta ba. Matasanmu da suka karanci kwamfuta, ga aiki: a yi irinta da muryar Hausa, da sa hannun likitoci.