Zanen Siffar Mutum a Bainar Jama'a: Nazari a Kan Iyakar Jibiya

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a cikin wannan maƙala ita ce mu duba matsayin zanen siffar mutum a ƙasar Hausa, musamman irin wanda za mu kira zanen zahiri, watau wanda mai zane ke ƙoƙarin fito da mutum kamar yadda ido ya gan shi, yana cikin sha'aninsa na yau da kullum, ba tare da an ƙara masa kwarjini ko an ɓoye talaucinsa ba. Mun zaɓi kan iyakar Jibiya domin a nan ne abubuwa biyu da irin wannan zane ke bukata suka taru wuri guda: ga mutane iri-iri da tilas ta sa su zauna su jira, ga kuma aikin masu zane a jikin motoci da allunan sana'a. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, duk da wannan kusanci, mutumin da ke zaune a bakin hanya bai cika shiga cikin zanen ba, kuma dalilin haka ya fi danganta da wanda ke biyan kuɗin aikin fiye da yadda ya danganta da addini ko ƙarancin gwaninta.

2.0 Asalin zanen zahiri

Kafin mu isa Jibiya, ya kamata mu ɗan waiwayi inda wannan salo ya yi suna. A Faransa, cikin 1849, Gustave Courbet ya zana wasu leburori biyu suna fasa dutse a gefen hanya, tsoho da yaro, cikin tsummoki, ya kuma yi su da girman da a da sai sarakuna da waliyyai ake yi wa. A 1855, da masu shirya babban baje-kolin birnin Faris suka ƙi karɓar wasu ayyukansa, sai ya kafa tasa rumfar daban, ya sa mata sunan wannan salo. Bayan 'yan shekaru Honoré Daumier ya zana fasinjojin taragon talakawa na jirgin ƙasa: tsohuwa riƙe da kwando, mace tana shayar da jariri, yaro ya ɓingire da barci. Duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwa daga Katsina zuwa Jibiya ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan zane.

Wajen 1879 kuma Edgar Degas ya juya wa ayyukan da ke rataye a gidan tarihi na Louvre baya, ya zana mai kallonsu, watau abokiyar sana'arsa Mary Cassatt, daga baya, ta dogara da lema. Daga nan mai kallo ya zama abin kallo. A zamaninmu, a 2004, wani Ba'amurke mai suna Duane Keiser ya ɗora wa kansa yin ƙaramin zane ɗaya kowace rana, yana sayarwa ta intanet, wasu da yawa suka bi sahunsa, ciki har da masu zana mutane a gidajen tarihi da tituna. Hikimar wannan ɗabi'a a fili take. Wanda ya san gobe ma zai yi wani zane, ba ya jiran babban al'amari. Abin da ya tarar a gabansa shi zai zana.

3.0 Ido da hannu a ƙasar Hausa

Bahaushe ya daɗe da sanin zane, sai dai ya fi karkata shi ga ado. Akwai zayyanar allo da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, da aska biyu da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da dagi a jikin soro, da zanen ƙwarya da na dukawa. Baje-kolin fasahar Hausa da David Heathcote ya shirya a Landan cikin 1976 ya nuna yalwar wannan gado. Amma a cikinsa duka, fuskar mutum ba ta da babban gurbi.

Sau da yawa akan yanke hukunci da sauri a ce addini ne ya hana. Lalle akwai hadisai masu tsanani game da yin sura, kuma ba mu raina tasirinsu ba. To amma malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka fi bi a ƙasar nan, sun rarrabe tsakanin sura mai inuwa, watau gunki ko sassaƙa cikakkiya ta abu mai rai, wadda suka haramta, da sura shimfiɗaɗɗiya a kan takarda ko bango, wadda mafi yawansu suka tsaya ga cewa makaruhi ce ko barinta ya fi. Wasu malamai na wasu mazhabobi sun fi haka tsanantawa, kuma har yanzu ana muhawara. Abin lura dai shi ne, jama'ar da ake cewa ba ta son sura ita ce ke rataye hotunan shehunnai a ɗaki, ita ce ta cika shagunan masu hoto ranar sallah. Ashe ke nan ƙofar ba a rufe take ruf ba.

Ta hanyar makaranta kuwa, zanen zahiri ya shigo Nijeriya ne ta Legas, a hannun Aina Onabolu, wanda ya rasu a 1963. A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya daga Badun zuwa Zariya, inda a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane. Wannan kwaleji ce ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Mutane irin su Jimoh Akolo da Gani Odutokun, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1995, sun yi ayyuka masu daraja a kan rayuwar Arewa. Sai dai a ganinmu, waɗanda suka biyo baya da yawa sun maƙale wa abu biyu: mahayin doki ranar hawan sallah, da Bafulatana mai tallar nono. Waɗannan su masu saye ke so, su ake ratayewa a otal-otal da ofisoshi. Ɗan dako da mai canji da mai facin taya ba su sami irin wannan gata ba.

4.0 Jibiya

Jibiya tana kimanin kilomita 45 daga birnin Katsina, kuma mashigar iyakar tana Magama. Idan aka tsallaka sai Ɗan Isa, sa'an nan Maraɗi. Yarjeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 ne suka shata wannan layi, amma mutanen da ke ɓangarorin biyu Katsinawa ne, domin zuriyar sarakunan Haɓe na Katsina ne suka kafa mulkin Maraɗi bayan jihadi, har yau kuma sarautar tana ɗauke da sunan Katsina. Saboda haka iyakar ba ta raba harshe ko sutura ba. Abin da ta haifar shi ne jira.

Wannan jira kuwa abu ne mai muhimmanci ga mai zane. Babbar matsalar mai zana mutane a bainar jama'a ita ce ba sa tsayawa. Dalilin da ya sa masu zane a Turai da Amurka ke son gidan tarihi ke nan: mai kallo yakan tsaya cik na ɗan lokaci, hankalinsa yana wani wuri, jikinsa ya saki. A Magama takardun kwastan ne ke yin wannan aiki. Direba ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tirela, yaran mota sun kewaye mai shayi, mai canji yana zaune da damin naira da na sefa, mace ta ɗora haɓa a kan ƙullin kayanta. Kowannensu zai iya yin awa guda bai canja zama ba. Kuma abin da ke gaban idonsu a tsawon wannan lokaci, sau da yawa, bayan wata mota ce mai ɗauke da zane. Watau dai ga gidan kallo, ga masu kallo, illa iyaka a nan ayyukan ne ke tafiya, bango kuwa babu.

To, me aka zana a jikin motocin? Jack Pritchett ya yi rubutu a kan zanen manyan motocin Nijeriya tun 1979, kuma abin da ake gani a hanyoyin Arewa sananne ne ga kowa: zaki da gaggafa da damisa, masallatai, jarumin fim riƙe da bindiga ko yana kokawa da dabba, wani shugaba da jama'a ke ƙauna, irin su Janar Murtala Muhammad da aka kashe a 1976, sai kuma karin magana ko addu'a a sama. Hannun da ya yi waɗannan hannu ne mai neman kama da gaske. Mai zanen yakan fara shafa farin fenti ko wani launi guda a matsayin shimfiɗa, ya fitar da siffa da alli yana duban hoto ko kalanda, sa'an nan ya bi da fentin gwangwani mai maiƙo da aka tsinka da kananzir ko fetur. Ba ya yawan gauraya launi. Fuska yakan gina ta da launi biyu ko uku, mai duhu da matsakaici da mai haske, ya kewaye ta da baƙin layi mai kauri. Wanda bai fahimta ba zai ce rashin ƙwarewa ne, alhali kuwa lissafi ne: zanen bayan mota daga nesa ake ganinsa, cikin ƙura, a guje, kuma duk wata inuwa mai laushi za ta ɓace.

Amma wannan kama da gaske a fuska kawai ta tsaya. Mai mota shi ke biya, kuma abin da yake so motarsa ta faɗa shi ne ƙarfi da kariya da arziki. Ba zai biya a zana masa yaron motarsa yana barci a kan buhu ba, ko da yake wannan shi ne abin da ya fi gani a rayuwarsa.

Wurin da talaka ya sami shiga shi ne allon sana'a. Allon shagon aski, a ganinmu, shi ne mafi kusa da zanen zahiri a duk abin da ake gani a wannan hanya. Kawuna ne na mutane marasa suna, an jera su, galibi ta gefe, domin ta gefe ne ake ganin yadda aski ya bi kunne da ƙeya. Idan aka tsallaka Ɗan Isa rubutun kan iya komawa Faransanci, kawunan kuwa su ne dai. Haka allon tela da na mai gyaran rediyo da na mai sayar da abinci. A kudu irin wannan sana'a ta fitar da mutum kamar Augustine Okoye na Anacha, wanda aka fi sani da Middle Art, wanda Ulli Beier ya sanar da duniya aikinsa. To amma ko a allon aski, mutum ya shiga ne a matsayin samfurin kaya. An zana shi domin gashinsa, ba domin halin da yake ciki ba.

Akwai kuma wani cikas da ya keɓanta da iyaka. Wanda ya zauna da takarda da fensir yana duban shingen jami'ai, ba zai daɗe ba a tambaye shi abin da yake yi, balle a shekarun da matsalar 'yan bindiga ta addabi ƙaramar hukumar Jibiya. Ga kuma kunya: ƙura wa matar aure ido na tsawon lokaci, ko da niyyar zane ce, ba abu ne da al'ada za ta ɗauka da sauƙi ba. A nan dabarar Degas tana da amfani. Siffar mutum daga baya, faɗuwar mayafi, karkatar hula, yadda aka ɗauki kaya a ka, duk suna bayyana mutum ba tare da an tona fuskarsa ba.

5.0 Abin da ke salwanta

Shekarun baya-bayan nan sun yi wa wannan hanya tsanani. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, sai a watan Maris na 2024 Nijeriya ta ɗage nata takunkumin. Duk lokacin da mota ta tsaya, mai ita ba ya tunanin fenti. Daɗin daɗawa, injin buga manyan hotuna a kan leda ya ƙwace kasuwar allon sana'a. Mai shagon aski yanzu yakan sa a ciro masa hotunan mawaƙa ko 'yan ƙwallo daga intanet a buga masa cikin yini guda, a farashin da mai buroshi ba zai iya karawa da shi ba. Ta haka ɗan gurbin da fuskar ɗan gari ta samu ya koma hannun baƙi.

Waɗannan ayyuka kuma ba masu tsawon rai ba ne. Fentin gwangwani a kan katako ko langa-langa, rana da hunturu suna cinye shi cikin 'yan shekaru, kuma idan bodin mota ya tsufa itacen girki yake zama. Gidan tarihi na Katsina, wanda ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, da gidan tarihi na Boubou Hama da aka kafa a Yamai a 1959, su ne suka fi cancanta su tattara irin waɗannan alluna daga ɓangarorin biyu, tare da sunan mai zane da garinsu da shekarar aiki, domin da yawa daga cikin masu zanen sukan sa sunansu ko laƙabinsu a ƙasan aikin. Sassan koyar da zane na jami'o'inmu kuma suna iya tura ɗalibai tashoshin mota da littafin zane, bayan an nemi izinin shugabannin tasha da na jami'ai, maimakon a bar su suna kwaikwayon hawan daba daga hoto.

A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda aka tsara za ta ratsa Jibiya. Duk kayan da suka koma tarago sun bar bayan gingimari, kuma jikin tarago na hukuma ne, ba mai zanen da direba zai kira ya yi masa zaki a kai.